Gitocin Habbanaye

Ranar sunan jikata, ɗiyar Balki, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na jiyo ta bayan katanga wani cikin surukanmu na garin Mai Yara yana tambayar sana'ar marigayi ubanku. Kai ka amsa, Babba, kai ɗan farina da ko a takarda ba zan iya rubuta sunanka na yanka ba. Da muryar nan taka ta ma'aikacin gwamnati ka ce masa wai ubanku ɗan kasuwar katako ne. Saboda baƙi na ci gaba da tsince shinkafata. Ubanku bai taɓa cinikin katako ba. Gita yake ƙerawa, gitar kuran, wato ta lantarki, irin wadda ake soka wa igiya a haɗa ta da ampili ta yi ƙara har a jiyo ta a bayan gari. Duk faɗin ƙasar Dakoro shi kaɗai ya taɓa yin wannan aiki, kuma ni uwarku da hannuna na taya shi. In abin kunya ne, to ku fara jin kunyata tun ina da rai.

Na san abin da kuka taso kuna ji a gari. An ce ya sayar da shanun ubansa ya zuba a kiɗa, ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, kamfani ya karye, aka zo aka kwashe kaya mutane suna kallo. Duk an yi. Amma akwai tsakiyar labarin da aka cire, kuma wanda ya cire ta yana nan da ransa, kuna zuwa gaishe shi duk salla kuna durƙusawa har ƙasa. Wan ubanku nake nufi, wanda kuke kira Baba Alhaji. Ban hana ku gaishe shi ba, shi ma ubanku ne. Amma ku karanta wannan tukuna, in za ku durƙusa ku durƙusa kuna sane.

Sunan ubanku Illa. Duk zaman da muka yi ban taɓa furta shi ba, yau dai na rubuta. Lokacin da aka kawo ni gidansa ƙofofi yake yi da gadaje da bencin lakwal na 'yan makaranta. Uwarsa Bafillatana ce, a wajen kawunnansa ya yi ƙuruciyarsa can cikin kwarin Tarka, yana bin shanu, shi ya sa har ya mutu hankalinsa na makiyayi ne ko da yake zarto ne a hannunsa. Wata rana wani Buzu dogo mai suna Gumar ya shigo masa da gitar da ya zo da ita daga Libiya, wuyanta a karye, raƙumi ya kwanta a kai.

"An ce mini kai ka iya gyaran ƙahwar gado," in ji Gumar. "Wagga ma ai itace ce."

"Bar ta nan," in ji ubanku. "In ta mutu hannuna, sai mu yi mata sutura tare."

Ba ta mutu ba. Amma kafin ya mayar wa mai ita, sai da ya kwance ta kaf, ya auna kowace gaɓa da zare, ya samo katakon maɗaci ya sassaƙa tasa. Ta fito kyakkyawa, sai dai bebiya ce. Akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin tsirkiyoyi da ke ɗaukar amo ya kai wa ampili, mu kunnen gita muke ce masa. Maganaɗisu ne da ake naɗe shi da wayar jan ƙarfe mai siranta kamar gashin kai. Ubanku ya ciro maganaɗisu daga matattun rediyo, ya ciro waya daga ƙonannun fankoki, ya zauna yana naɗi da manyan yatsun nan nasa, waya tana tsinkewa, yana tsaki. Da na gaji da jin tsakin na ce ya miƙo. Na ɗaura abin a wurin naɗa zare na keken ɗinkina, ina taka keke a hankali, wayar tana bi ta tsakanin yatsuna. Da ya cika na tsoma shi cikin narkakken kakin zuma don kada ya motsa. Bayan la'asar aka kira Gumar, aka jona da batirin mota, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Kajina suka watse, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu. Ubanku kuwa ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Daga ranar duk gitar da ta fita daga hannunsa, kunnenta ni na naɗa shi.

A nan ne ya sayar da rabonsa na shanun gado, kuma rabonsa ne, bai taɓa ko ɗan maraƙin kowa ba. Ya sayi fili kusa da tasha, ya sayi zarton kuran da gurup mai ba da wuta, ya ɗauki ma'aikata, ya sa aka rubuta Gita Tarka a jikin ƙofa. Abu ɗaya ya ƙi rabuwa da shi cikin kayan kiwon ubansa, wato ƙarfen da ake sa wa shanu shaida. Duk gitar da aka gama sai ya sa ƙarfen a wuta ya manna shi a bayan kanta, hayaƙin maɗaci ya tashi, ya yi bisimilla kamar mai sa wa maraƙi alama. Masu kiɗa suka riƙa zuwa daga Abalak, daga Tanut, daga Tawa, wasu har daga Agadas. Abin da suke so shi ne gitarsa ba ta tsoron rana, ba ta tsoron bayan raƙumi, in ta lalace kuma mai gyaran rediyo na kowane ƙauye zai iya buɗe ta. A shekarun nan babu bikin da ake yi a Dakoro ba a kunna gurup an jona gitarmu ba. Lokacin zaɓe kuwa 'yan siyasa har layi suke yi a ƙofar. Baba Alhaji kansa, in ya yi baƙi daga Maraɗi, sai ya jawo su ya kawo su yana nuni da carbinsa yana cewa ga kamfaninmu. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba.

To ga abin da ba a faɗa muku ba. Makiyaya suna da wata al'ada da ake kira habbanaye. In mutum ya rasa dabba, sai mai garke ya ba shi karsana ya riƙe. Ya sha nononta, ta haihu a hannunsa har sau uku, 'ya'yan nasa ne, sannan shi da kansa ya koro uwar ya mayar wa mai ita. Ba a rubutawa, ba a kafa shaidu. Kuma babu abin da ya fi muni ga mai garke irin ya aika a karɓo saniyarsa kafin ta haihu. Wanda ya yi haka, ko shekara nawa aka yi, in ya zo bakin rijiya sai hira ta mutu. Ubanku ya ɗauki wannan al'ada ya ɗora wa gita. Duk wanda ya zo yana da hannu amma ba shi da kuɗi, sai ya ɗauko gita ya ɗora masa a hannu biyu ya ce habbanaye ce. Mutum ya je ya yi ta kiɗa a bukukuwa har ya tara abin sayen tasa, wato ta haihu ke nan, in ta cika haihuwa uku kamar saniya sannan ya dawo da uwar a ba wani. Na farko da ya karɓa Gumar ne, don tasa ta Libiya ta sake karyewa, wannan karon ba gyara. Na taɓa yi wa ubanku tsiya na ce gita ba ta da nono. Ya ce in je in tambayi matar Gumar me take dafawa washegarin biki.

Ba habbanaye ce ta karya kamfanin ba, ko da yake haka Baba Alhaji yake so ku ɗauka. Da farko gitocin kwantena ne suka cika kasuwar Maraɗi, ja da shuɗi, suna ƙyalli, ga araha. Damina ɗaya suke yi wuyansu ya lanƙwashe, amma yaro ba ya tunanin damina in ya ga ƙyalli. Bayan su sai ga masu dije, mutum ɗaya da manyan bafil, wato lasifikoki, da ɗan kile mai ajiye waƙoƙi a aljihu, ya kwana yana sa waƙoƙi a kuɗin da bai kai abincin makaɗa ba. Hanyoyin arewa kuma suka lalace, masu zuwa daga nesa suka ragu. Ciniki ya ja baya, amma muna ci muna sha, ana biyan ma'aikata. Sai Baba Alhaji ya zo da shawararsa.

"Illa, duniya ta wuce aikin hannu. Akwai wani inji wurin abokina Maraɗi, shi sassaƙa, shi hesa henti, gita ta hito tana ƙyalli awa ta kwantena. Ka tahi asusu ka ɗauki rance, ka jinginar da hilin. Ni nan ina bayanka."

Ubanku mutum ne mai jin nauyin wansa fiye da kima. Ya je asusun ba da rance ya sa hannu. Aka kawo inji a babbar mota, yara suna bin ta da gudu. Da aka sauke aka jona sai ya yi gurnani ɗaya ya ɗauke wutar unguwar gaba ɗaya. Ashe irin kuran ɗin da yake ci babu shi a layinmu, gurup ɗinmu kuwa ko motsa shi bai iya ba. Abokin Alhaji ya san da haka, shi ya sa injin ya daɗe a wurinsa babu mai so. Alhaji ya riga ya karɓi la'adarsa ya sa a aljihu. Aka rufe inji da tamfol, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin yin ƙwai. Har yau in na tuna da wannan tamfol ɗin sai zuciyata ta yi zafi.

Sai shekarar da nake son ku sani ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai kai ba, ciyawa ba ta fito ba a arewa. A kasuwar dabbobi saniya ba ta sayen buhun hatsi, gefen hanya duk mushe. Wanda dabbarsa ke mutuwa ba ya aurar da ɗiya, in ma ya aurar ba ya kiran makaɗa. Muka yi watanni ba a sayi gita ko ɗaya ba. Asusu ya aiko, ya sake aikowa, daga baya ya turo wusiye, ma'aikacin shari'a mai kwashe kayan wanda ya kasa biya. Ya zo ya zagaya filin, ya ɗaga tamfol ya leƙa, ya ce in watan gaba ya ƙare ba a biya ba za a yi gwanjon komai.

Ana cikin haka wani dillali ya zo daga Yamai, mai saya wa Turawa kayan gargajiya. Ubanku ya fito masa da sababbin gitoci, mutumin ko kallonsu bai yi ba. Shi tsofaffi yake so, waɗanda suka sha daji, gumi ya cinye fentinsu, masu shaidar shanu a kai. Wai a can ana rataye su a bango ana kallo. Ya faɗi kuɗin da zai ba da a kan kowace, kuma in aka haɗa na habbanaye duka, kuɗin ya isa ya rufe bakin asusu har a samu ragi. Baba Alhaji yana wurin, na ga idonsa ya yi haske. Da yamma ya tara mu a zaurenmu, har ni aka kira, abin da bai taɓa yi ba.

"Allah ya kawo maka mahita har ƙohwar gida," in ji shi. "Kayanka na, ba na kowa ba. Ka aika su maido."

"Ba su haihu ba, Yaya."

"Wace haihuwa? Katako na hwa muke magana, ba shanu ba."

"Da bakina na ce musu habbanaye. Bana kuwa shanunsu sun mutu, wasu abin da ya rage musu ke nan. Ka taɓa jin wanda ya amshi habbanaye shekarar yunwa?"

"To ɗiyanka hwa? Mi za su ci? Sunan kirki?"

Ubanku ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Alhaji ya juyo wajena ya ce in yi wa mijina magana tunda ni yake ji. Da ya fita na yi maganar, ba zan ɓoye muku ba. Na tuna masa da ma'aikatansa masu iyali. Na tuna masa da kai, Babba, kana lise, wato sakandare, a Maraɗi, da Balki da Laminu suna ƙanana. Na ce ko rabi ya aika a kawo, waɗanda suka fi ƙarfi a cikinsu.

"Rakiya," ya ce, "in na amshi ɗaya, duk sauran sun zama aro. Hili ana sake saye. Amma in anka ce ɗan Bafillatana ya bi saniyarshi daji, ina zan kai ɗiyana su sha ruwa?"

Na yi fushi da shi a ranar, fushi sosai. Amma na san mutumin da na aura, kuma da safe ni na kai masa kunu da hannuna. Mun yanke za mu sayar da keken ɗinkina da awakina mu roƙi asusu ya ƙara mana lokaci. Ko za su yarda ko ba za su yarda ba, Allah ne ya sani, domin ba a bar mu mun gwada ba.

Baba Alhaji ya je tasha ba da saninmu ba. Ya bi direbobin da ke shiga daji ɗaya bayan ɗaya, ya ba su saƙo da sunan ubanku, wai Illa ya ce duk mai riƙe da gitarsa ya maido ta ranar kasuwa, ko a turo jandarma. Har da jandarma ya sa, don ya tabbatar sun zo. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba, ko da kuwa limamin Juma'a ne ya zo ya roƙe ni.

Ranar kasuwa da hantsi ina shanya a tsakar gida Laminu ya shigo ya ce ga baƙi a ƙofa. Na leƙa. Mutane ne tsaye cikin rawuna, Buzaye da Fulani da Hausawan ƙauye, kowa da gita a naɗe cikin tsumma ko buhu. Wasu a raƙumi suka zo, raƙuman duk haƙarƙari a waje. Gumar ne a gaba. Ubanku ya fito da fara'arsa yana yi musu maraba, yana cewa a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Babu wanda ya zauna. Gumar ya kwance tsumman ya ajiye gitar a ƙasa a gaban ƙafar ubanku, sauran ma suka bi suna ajiyewa. Na kawo ruwa a kwano na miƙa wa Gumar, mutumin da ya ci tuwona ba adadi, ya kau da kai.

"Ga shanunka, Illa," ya ce. "Ba sai ka wahal da jandarma ba."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza irin yadda ta ubanku ta canza ba. Ya ce wane jandarma, wa ya aiko. Amma sun riga sun juya. Makiyayi in ya ji an wulaƙanta shi ba ya tsayawa jin bayani. Ubanku ya bi su har bakin titi babu takalmi yana kiran sunayensu, mutanen kasuwa suna kallo, ko ɗaya bai waiwayo ba. Ya dawo ya tsaya a kan gitocin. Kafin azahar sai ga Baba Alhaji ya iso da dillalin Yamai da mota, yana murmushi.

"To ka gani? Na ɗauke maka kunyar. Sai a loda."

Ubanku bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya dube shi kawai ya ce:

"Yaya, da hilin ka saida ba ka hwaɗa mini ba, da na yahe maka. Sunana ka saida."

Ya sa ma'aikatansa suka shigar da gitocin ɗakina, ya rufe ƙofa. Dillali ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa, ubanku ya ce a sauka lafiya. Washegari ya ari amalanken jaki, ya shimfiɗa bargo ya jera su a kai. Kuɗin keken ɗinkina da za mu kai asusu, su na ƙulla masa a matsayin guzuri, kuma ni na ce ya ɗauka. Ya shiga daji yana bin rijiya rijiya, ruga ruga, yana neman kowane mutum da kansa, ya yi masa bayani, ya ɗora masa gitarsa a hannu biyu kamar ranar farko. Wasu sun yi ƙaura neman ciyawa, sai da ya bi su nesa. Yana can wa'adin wusiye ya cika.

Ni kaɗai na tsaya a wurin gwanjon. Aka fito da zarto da gurup da katako da sababbin gitoci ana kiran kuɗi, mutanen da suka yi rawa da kiɗanmu a bikin 'ya'yansu suna tsaye suna cewa dama dukiyar kiɗa ba ta da albarka. Injin nan na tamfol da nauyin ƙarfe aka sayar da shi. Filin kuwa wani baƙon mutum ya saya, ba a yi nisa ba muka ga an kafa injin niƙa a ciki, yaran Baba Alhaji ne ke karɓar kuɗi. Shi ne kuma ya riƙa bin majalisa yana cewa ya sha yi wa ƙanensa nasiha ya bar kayan shaiɗan bai ji ba. Mutumin da ke cewa kamfaninmu. Abin da na tsira da shi ƙarfen shaida ne, shi ma don na sa shi cikin murhu na ce na tona wuta ne.

Ubanku ya dawo ya rame, ƙafafunsa duk sun tsage, amalanke babu komai a kai. Na faɗa masa an sayar. Ya ce to, ya nemi ruwan wanka. Daga nan ya koma gyaran ƙofofi da kujeru a gindin bishiya har ƙarfinsa ya ƙare. Na san abin da ka sha, Babba. Ka bar lise shekara guda kana tura kurar ruwa kafin ka koma, abokanka suna yi maka kirari da gita. Ma'aikatan ubanku sun watse, ɗaya ya tafi Libiya bai dawo ba. Ban ce abin ba shi da tsada ba, da jikinmu muka biya, kuma kana da ikon jin haushi. Amma ka ji haushin wanda ya kawo injin banza ya ci la'ada, ya yi ƙarya da sunan ƙanensa, ya zagaya ya saye filin. Ban ga dalilin da za ka durƙusa wa wancan, sannan ka canza wa ubanka sana'a a gaban surukai ba.

Bayan rasuwar ubanku da 'yan watanni, kuna can wuraren aikinku, aka yi sallama a ƙofa. Gumar ne, gemunsa ya yi fari, da abu a naɗe cikin sabon bargo. Na kawo masa ruwa, wannan karon ya karɓa ya shanye. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya kwance bargon. Gitar farko ce, ta maɗaci, fentinta ya tafi, inda hannu ke zama ya yi rami, shaidar shanun kakanku tana nan a bayan kanta. Kunnen da na naɗa a keken ɗinki shi ne a jikinta har yanzu.

"Ta haihu ukku," in ji shi. "Tawa, da ta ɗiyana biyu. Na kawo uwar."

Na ce masa ai mai ita ya riga mu, da ya riƙe abarsa.

"Ran da ya biyo ni har bakin rijiya, ya ce mini, kada ka maido ta sai ta haihu, ko ka ji na talauce, ko ka ji na mutu. In ta haihu kuwa ka kai ta gidana, akwai wanda za shi amsa. Shi ya sa na zo."

Na karɓa da hannu biyu, don babu ɗayanku a gida. Ba ta yi mako a ɗakina ba na ba da ita ga wani magidanci daga Ɗan Gulbi mai hannun kiɗa, wanda gonarsa ba ta ciyar da shi. Habbanaye na ce masa, kamar yadda ake cewa. Tana can wurinsa, ba ta haihu ba tukuna, ni kuwa ƙafafuna sun fara gaya mini ba lalle in ga ranar ba. Kada wanda ya aika a karɓo ta, ko me ya same ku. Ranar da ta haihu shi da kansa zai kawo ta, kuma ƙofarka za a nuna masa, Babba, don kai ne babba. Ka fito da kanka, ka ba shi ruwa, ka karɓa da hannu biyu. In ya tambaye ka ko nan ne gidan Illa Mai Gita, ka ce masa nan ne.